Robar hanci ko ta ciki: abin da na gani a jinyar Abba

Ranar da likita ya fara yi mana maganar huda cikin ɗana Abba don a sa masa robar ciyarwa, surukata ce ta riga ni amsawa. Ta ce, "Likita, a bar mini maigidana yadda Allah ya halicce shi. Wannan ta hancin ma da ƙyar nake iya kallonta." Lokacin watanmu biyar muna ciyar da shi ta robar hanci, kwanciyarmu ta uku ke nan a kan ciwon huhu, yaro ya cika shekara biyu amma sikeli bai wuce kilo bakwai da rabi ba. Ban ce komai ba, sai dai a raina ina bayan Hajiya. Muka ƙara wata biyu muna fama kafin muka sa hannu. Yau shekara guda da yin aikin, kuma tunda na zauna da kowacce daga cikin robobin nan biyu, masu jinya kan tsayar da ni a barandar asibiti su ce, "Maman Abba, wacce ta fi?" Amsar ba ta ƙarewa a tsaye, shi ya sa na zauna na rubuta.

Shawara ce ta taɓa ƙwaƙwalwar Abba a makon farko na haihuwarsa. Abin da ya fi fitowa fili shi ne rashin riƙe wuya da rashin zama, amma wanda ya kusa kashe shi haɗiya ce. A maƙogwaro hanya biyu ce, ta abinci da ta iska, kuma a duk haɗiya sai ta iskar ta rufe. Tasa ba ta rufewa a kan lokaci. In ba shi koko cokali goma, ya ƙware a uku, wani ya gangara huhu, bayan kwana biyu zazzaɓi. A ɗakin da muka kwanta na ga masu irin tamu ta hanyoyi dabam-dabam: wanda sanƙarau ya bari, wanda zazzaɓin cizon sauro ya hau wa kai, wanda ya daɗe bai yi kuka ba da aka haife shi, da wata yarinya da ta sha ruwan sodar haɗa sabulu a zaton ruwa ne, hanyar abincinta ta ƙone ta tsuke. Dukkanmu an fara mana da robar hanci, domin da ita ake farawa.

Ita wannan roba siririya ce, ma'aikata na ce mata NG. Nas za ta auna tsawonta daga hanci zuwa kunne, daga kunne zuwa tsakanin ƙarshen ƙashin ƙirji da cibiya, ta zura ta hanci har tumbi, ta manne da filasta a kunci. Minti biyar an gama. Ba tiyata, ba allurar barci, kuma ko a ƙaramin asibiti akwai wanda ya iya sa ta. Ranar da yaro ya koma ci da baki a zare, ko tabo babu. Da ita ake ceto bakwaini, da ita ake ba yaran tamowa madarar F-75 idan sun kasa shanye rabonsu da baki. Ga jinyar mako biyu ko uku, ban san abin da ya kai ta ba, kuma duk wanda ya ce a huda cikin yaro a kan irin wannan gajeriyar jinya, a nemi jin bakin wani likitan.

Matsalarta tana fara bayyana ne in kwanaki suka miƙa. Ta farko, wadda ta fi hana ni barci, ita ce ba ka ganin inda bakinta ya tsaya. Hanyar da take bi ta wuce ta ƙofar huhu, tana iya shiga can tun wurin sawa, tana kuma iya zamowa sama bayan tari ko amai. Yaro mai ƙarfi zai yi tari ya shiɗe ka gane. Irin su Abba tarinsu ba shi da ƙarfi, roba na iya zama a hanyar iska yana kwance shiru. A zuba madara a haka, an zuba ta a huhu. Don haka kafin kowane ciyarwa, ko ba da magani, ko ruwa, sai an tabbatar. A wurare da yawa har yanzu ana tura iska da sirinji a sa abin sauraron ƙirji a kan ciki a ji "fuu". Hukumar kula da lafiyar majinyata ta Ingila ta hana dogaro da wannan gwaji tun 2005, saboda ƙarar na iya fitowa ko da robar tana huhu. Abin da aka fi yarda da shi shi ne a zuƙo ɗan ruwan ciki da sirinji a ɗiga a kan takardar gwajin tsami: in ta nuna 5.5 ko ƙasa, ruwan tumbi ne. In yaro na shan maganin rage tsamin ciki, lambar kan hau, sai a koma ga hoton ƙirji. Ni na ƙara da dabarar da wata sista ta koya mini: ta sa alama da biro a jikin robar daidai ƙofar hanci, ta ce, "Maman Abba, duk ranar da alamar nan ta yi nisa da hanci, ko ɗigo kar ki zuba."

Sai ƙananan wahalhalu, waɗanda in aka tara su sun fi babbar gajiyarwa. Robar da aka fi samu a kantin magani ta ɗan lokaci ce, tana ƙandarewa a ciki, sai an canza ta kusan kowane mako ko kwana goma. Akwai mai laushi da ke yin wata guda ko fiye, amma ta fi tsada kuma ba ko'ina ake samunta ba. Wannan lissafin ma na takarda ne. Abba da ba ya iya riƙe cokali ya iya saƙala ɗan yatsa ya fizge roba. Akwai makon da aka mayar da ita sau huɗu. Kowace mayarwa sai mutum biyu sun danne shi, yana kakari, hawaye na zuba. Da zafin bazara gumi ke ɗaye filasta, da hunturu mura ke toshe hancin da ya rage. Kuncinsa ya saɓule, muka koma ɗaya kuncin, shi ma ya saɓule. Abin da ban lura ba sai daga baya, yaron ya tsani duk abin da ya doso fuskarsa. Ko tsumman goge baki ya gani sai ya kau da kai. Ashe garin ciyar da shi muna koya masa tsoron baki.

Robar ciki kuwa, wadda likitoci ke kira gastrostomi, ƙofa ce ake buɗewa a fatar ciki, sama da cibiya ta ɓangaren hagu, kai-tsaye zuwa tumbi. Ba sabon abu ba ne. Salon da Martin Stamm ya bayyana a 1894, na ɗan tsaga ciki a ɗinke tumbi a jikin bango, shi ne har yau likitocin tiyatar yara da yawa ke yi, kuma shi aka yi wa Abba. Ɗaya salon, PEG, ba a tsaga ciki: ana zura na'ura mai kyamara ta baki, haskenta ya nuna wurin da za a huda. Abin da ya ba ni mamaki da na ji tarihinsa, don yara aka ƙirƙiro shi. Michael Gauderer, likitan tiyatar yara, da Jeffrey Ponsky ne suka fara yin sa a Cleveland ta Amurka a 1979, a kan jariri ɗan wata huɗu da rabi, sai daga baya manya suka ara. Kowanne aka zaɓa, yaro sai an sa shi barci. Robar da za a bari a wurin ita ma iri-iri ce. Akwai doguwa mai reto, akwai gajera da ke kwanciya a kan fata kamar maɓallin riga, wadda ake jona mata tiyo lokacin ciyarwa kawai. Mafi yawan masu maɓallin, ɗan balan-balan ne da ake cikawa da ruwa ke riƙe su daga ciki; ana duba ruwan mako-mako, a canza robar bayan wata uku zuwa shida. A asibitocinmu sau da yawa robar fitsari ta Foley ake sawa a madadinsu. Da na ji haka raina ya sosu, amma sabuwa ce fil daga leda, tana da nata balan-balan, tana da arha, kuma ana samunta a kusan kowane gari. Aibinta shi ne ba ta da abin da zai tare ta daga waje, hanji na iya janye ta ciki ta toshe mafitar tumbi, don haka dole a ɗaure ta da kyau a riƙa duba tsawon da ya rage a waje.

Ba zan ɓoye kasadar ba, don Hajiya ba ta yi ƙarya ba da ta ji tsoro. Yaron da ya rame, mai huhun da ya sha ciwo, sa shi barci ba wasa ba ne. Shi ya sa ma likitoci kan so a fara gina shi da robar hanci kafin a shiga da shi. Kwana ukun farko su ne na sa ido. In yaro ya yi kukan zafi lokacin da ake zuba abinci, ko jini sabo ya fito, ko ruwan ciki ya riƙa malalowa ta gefen roba, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, a tsayar da ciyarwa a kira likita nan take, ba sai gari ya waye ba. Bayan nan sauran matsalolin na yau da gobe ne. Ruwan tumbi kan ɗan tsattsafo ya ci fata. Wani jan nama mai laushi kan tsiro a bakin ƙofar, yana jiƙa riga yana jini in an taɓa. Ranar da na fara ganinsa na ɗauka ciwon daji ne, ashe abu ne da aka saba gani, ana shafa masa magani ko a ƙona shi da wani ɗan tsinke ya kwanta. Wanka da sabulu da ruwa, a tsane wurin ya bushe, shi ne rabin maganin. Mai PEG kuma ana koya masa ɗan tura robar ciki da juya ta bayan wurin ya warke, don kada faifan da ke ciki ya nutse a naman tumbi.

Babban abin tsoro a nan shi ne fita. Robar hanci in ta fita, an yi asarar ciyarwa ɗaya ko biyu ne kafin a mayar. Ta ciki in ta fita, ƙofar na fara tsukewa cikin 'yan sa'o'i. In kuma a makonni shida zuwa takwas na farko ne, kafin tumbi ya gama mannewa da bangon ciki, ba a mayar da ita a gida ko kusa, domin tana iya shiga tsakanin tumbi da fata, abinci ya zube a cikin ciki. Asibiti za a nufa a daren. Bayan hanya ta nuna, uwa da aka koya wa tana iya mayarwa da kanta. Sau biyu na yi, hannuna na rawa a na farko. Tun daga nan jakata ba ta rabuwa da sabuwar roba, da sirinji, da man santsi.

To a ina mizanin yake? Ni a ganina lokaci ne kafin komai. Ƙungiyar likitocin ciki da abincin yara ta Turai ta daɗe tana cewa in ana ganin ciyarwa ta roba za ta wuce mako huɗu zuwa shida, a fara tunanin ta ciki. Ga yara masu lalurar ƙwaƙwalwa ta ƙara wani ma'auni a 2017 da na so a ce na ji shi da wuri: in ciyar da yaro da baki na cin fiye da awa uku a rana, lokacin roba ya yi. Ni awa biyar nake yi, ina ganin haƙuri ne da tarbiyya. Ba wai ranar da aka cika mako shida sai a shiga tiyata ba. Tambayar da za a yi wa likita ita ce, "A ganinka nan da wata uku yaron nan zai ci abin da zai ishe shi da bakinsa?" In ya ce yana sa rai, kamar bakwainin da ke koyon tsotso ko mai jiran aikin zuciya nan kusa, a daure da ta hanci. In ya yi shiru yana juya biro, an sami amsa. Mu mun yi wata bakwai a kan abin da aka san ba na wata bakwai ba ne.

Abinci ma ya raba su, kuma a gidan mai ƙaramin ƙarfi wannan ba ƙaramar magana ba ce. Robar hancin yaro lamba 6 ce ko 8, ramin kamar na tsinken tsintsiya. Madara ce ke wucewa da sauƙi. Kunu sai an tsinka shi ya zama ruwa-ruwa, kuma kunun da aka tsinka ciki yake cikawa ba jiki ba: tumbin yaro ƙarami ne, in rabin abin da aka zuba ruwa ne, sikeli ba zai motsa ba. Madarar gwangwani da aka haɗa don masu roba kuwa, kuɗinta na wata ya isa ya tayar da gida tsaye. Ta ciki lamba 12 ce ko 14 ko sama, tana karɓar abinci mai kauri. Mai ba da shawarar abinci a asibiti ta zauna da ni muka tsara daga tukunyarmu: kunun gero da gyaɗa da waken suya, dafaffen ƙwai, kifi da aka cire wa ƙaya, dankalin Hausa, kabewa, alayyafo, ayaba, da cokalin mai don ƙarin ƙarfi. In markaɗa, in tace da rariya mai laushi, in ja a sirinji mai cin mil 60 in tura a hankali cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin. Sharaɗinsa tsabta: abin da aka markaɗa ba ya wuce awa biyu a waje, kuma da yake wutarmu ba abin dogaro ba ce, ban yarda da firij ba, kowane ci da nasa haɗin. Ruwa kafin abinci, ruwa bayan abinci, ruwa tsakanin magani da magani, in ba haka ba roba ta toshe, ta hanci ko ta ciki. A nan a yi hattara da zumuɗi: yaron da ba ya motsi sosai buƙatarsa ba ta kai ta mai guje-guje ba, in aka ɗura masa fiye da kima kitse zai tara, ɗaukarsa ta gagara.

Akwai wani abu da babu likitan da ya faɗa mini, goyo. Ƙofar tana gaban cikin yaro, daidai inda yake manne da bayan uwa. Makonnin farko a kafaɗa na riƙa ɗaukarsa. Da wurin ya warke na koma goyo, sai dai in naɗe robar in kwantar da ita gefe a ƙarƙashin singileti, in sassauta majanyi, kuma ba na goya shi sai abinci ya yi kamar awa guda da shiga. Mai maɓalli ta fi daɗin goyo nesa ba kusa ba. Ta fuskar mutane kuma, robar hanci talla take yi. A gidan suna, a motar haya, kowa sai ya ce "Allah sarki, sannu," wasu su kawo labarin mai magani. Ta ciki riga ta rufe ta. Na fara ganin fuskar ɗana ba filasta bayan wata bakwai, na ga ashe yana da ɗan lotsawar kumatu irin ta babansa.

Kada dai a ɗauka huda ciki na maganin ƙwarewa gaba ɗaya. Yana kawar da abincin da ke bi ta maƙogwaro, amma yawu na nan, kuma abin da ke tumbi na iya tasowa sama ya faɗa huhu. Wasu yaran tumbuɗinsu ma ƙaruwa yake bayan aikin. Don haka da kowace roba, a ɗaga kan yaro da kafaɗunsa lokacin ci, a bar shi a haka rabin awa zuwa awa guda. In amai ya yi yawa, likita na iya kawo maganar ɗaure bakin tumbi a tiyata, ko robar da ke wuce tumbi zuwa hanji. Wannan ta ƙarshen ba a tura mata abinci da sirinji lokaci guda, sai da injin da ke ɗiga shi a hankali na sa'o'i, wato sai da wuta. A yi wannan maganar kafin aiki, ba bayansa ba.

Inda zan ja wa mutum birki shi ne nisa. Likitocin tiyatar yara a manyan asibitocin koyarwa suke, irin na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos. Wanda zai koma ƙauyen da ke da tafiyar yini, inda ma'aikacin ƙaramin asibiti bai taɓa ganin ƙofar ciki ba, lissafinsa dabam ne da nawa da ke da tafiyar rabin awa. Ba cewa na yi ya haƙura ba, don ita ma ta hancin a ƙauye ba ta da sauƙi, wa zai riƙa mayarwa duk mako, ina takardar gwaji? Cewa na yi ya nemi masauki kusa da asibiti har wata biyun farko su wuce, kuma kada ya karɓi sallama sai mutum biyu a gidan, ba uwa kaɗai ba, sun iya ciyarwa da wankewa da mayarwa a gaban nas. Uwa ma tana zazzaɓi, tana haihuwa. Kuɗi kuma, ta hanci kaɗan-kaɗan take ci, roba da filasta da kuɗin mota da kwanciyar ciwon huhu, ta ciki kuwa dunƙule take nema a farko. Da Baban Abba ya zauna ya haɗa rasit ɗin wata bakwai, shi da kansa ya je ya shawo kan mahaifiyarsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a gaya wa likita gaskiyar aljihu da gaskiyar nisa, a tambaye shi wace roba za a sa, ina ake sayar da irinta, wa za a kira da tsakar dare. A kuma tambayi ofishin walwalar majinyata, manyan asibitoci na da shi.

Abin da ya fi damun Hajiya, daga baya na gane, ba hudar ba ce. Gani take in aka buɗe wata ƙofa an rufe ta baki ke nan har abada, an sallama. Ba haka ba ne. Ranar da yaro ya iya ci ana cire robar, ƙofar kan rufe da kanta, in ta daɗe sosai ne ake ɗan ɗinke ta. Yarinyar nan mai soda, bayan an yi ta buɗa mata hanyar abinci, an cire tata tana cin tuwo. Abba bai kai nan ba, wataƙila ma ba zai kai ba. Amma da yunwa ta daina korar mu, cin baki ya zama wasa maimakon yaƙi. Likita ya yarda a riƙa ba shi ɗanɗano, abu mai kauri kawai, cokali biyu ko uku, ban da ruwa, kuma na sha faɗa da 'yan dubiya masu son ɗura masa ruwan addu'a ta baki. Nakan karɓa in shafa masa a kai. Nauyinsa yanzu kilo goma sha ɗaya, kwanciya ɗaya muka yi a shekarar nan. Hajiya har yau ba ta kallon wurin, in zan buɗe riga sai ta juya fuska tana salati. Cokali ukun nan dai nata ne, ba mai taɓa mata su, kuma ta fi son ta ba shi da la'asar in an markaɗa ayaba.